Malam Gardi na Unguwar Rogo

Mutane kan bar wa ɗan uwa amanar akuya, ko babur, ko makullin shago. Ni ɗan yayata Nazifi amanar maciji ya bar mini. Ya gama kwalejin kiwon lafiyar dabbobi ta Vom, takardar bautar ƙasa ta fito, aka jefa shi Kuros Riba. Ana jibi zai tafi sai ga shi da wani akwatin roba mai huji-huji a murfi, ya dire a ɗakin zaure, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni da wani ladabi da ban san shi da shi ba. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

"Kawu, ɗan abu ne zan bar maka. Ba ya kuka, ba ya ɓarna, sau ɗaya yake cin abinci a mako."

Na ce, "In haka ne ai ya fi ka sauƙin riƙo. Mene ne?"

Ya ɗaga murfi. Sai dai na gan ni tsaye a kan kujera ina salati.

Daga can saman kujerar na ƙare masa kallo. Tsawonsa bai fi santimita 30 ba, ƙaramin yatsana ya fi shi kauri. Jikinsa ruwan lemo, da manyan ɗigo jajaye jere a gadon baya, kowanne an zagaye shi da siririn baƙi, cikinsa kuma dabbare-dabbare fari da baƙi. Nazifi na ta zuba bayani: macijin masara ne, asalinsa kudu maso gabashin Amurka, wajen Fulorida da Jojiya, ba shi da dafi ko kaɗan, nannaɗe ɓera yake yi ya matse ya haɗiye. Turawa kiwon sa suke yi a ɗaki, in ya girma yakan kai mita ɗaya da rabi. A Legas ya sayo shi, kuɗin ne ya ƙi faɗa, ni kuma na san na uwarsa ne. Sunansa Sanata, wai saboda ba ya tauna abin da ya samu, kuma yawancin lokaci ba a ganin sa a wurin zamansa.

"Matsala ɗaya ce, Kawu. Har yanzu bai saba da hannu ba. In ba a riƙa ɗaukar sa tun yana ƙarami ba, da faɗa zai tashi."

Wato ba ajiya kaɗai aka kawo mini ba, har da tarbiyya. Uwar yaron ita ta biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ta riga ta rantse abin ba zai kwana gidanta ba. Bakina ya mutu.

Sauran matata, Maman Ummi. Ita 'yar Wase ce, kuma duk wanda ya san ƙasar da ke gangaren dutse, daga Wase zuwa Langtang da Shendam, ya san ba a yi wa mutanen can barkwanci da maciji. Ƙasar kububuwa ce. Lokacin shuka da lokacin girbi ake kwasar manoma a babur zuwa asibitin Zamko, jini na fita ta dasashi da ta tsohon tabo, don dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ta ga wannan da idonta tun tana yarinya. Ta saurare ni har na gama Amurkata da Fuloridata, sannan ta ce, "Malam, ni ban taɓa tambayar igiyar ƙasa takardar haihuwa ba. Ta zauna a zaure. Ranar da ta tsallaka tsakar gida, ka neme ni a tashar mota."

Abin ya ba ni haushi in na tuna tarihi. Bayajidda ya kashe maciji a rijiyar Kusugu, aka ba shi sarauniyar Daura. Ni zan ciyar da maciji daga albashina, ana neman karɓe mini wadda nake da ita.

Nazifi ya bar mini dokoki a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ta farko: a bar shi mako guda ya saba da wuri kafin a taɓa shi. Wannan dokar na bi ta da zuciya ɗaya, har na yi masa ƙari daga aljihuna. Da wayar yaron ta ishe ni, wata Asabar na yi shiri. Na aro safar hannu ta masu walda, na sa dogayen takalman roba, na ɗora rigar ruwa kan suwaita, na ɗaure bakin wando da igiya. Na buɗe akwati, na miƙa hannu daga sama.

Sanata ya ja wuya baya ya lanƙwashe shi, ya ɗaga ɗan kansa, ya kama kaɗa bakin wutsiya a kan jaridar da aka shimfiɗa masa, tana wani zirrr mai tayar da tsigar jiki. Ya kawo sara, na ja da baya. Na sake miƙa hannu, ya sake kawowa. Da na samu na kama shi, safar ta hana ni jin ko yana hannuna ko ba ya nan, ya sulale ya koma ƙarƙashin ɓallin tukunyar da yake ɓuya. Gumi na zuba a cikin takalmi, a Jos, a watan Nuwamba. 'Yata Ummi na leƙe ta taga, ta ce, "Baba, wai tsakanin ku wa ke tsoron wani?"

Amsar a ɗakin malaman makarantar da nake koyarwa na same ta, wurin Mista Gyang mai koyar da ilimin halittu. Sai da ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, ka duba lamarin ta wajensa. Nauyinsa bai kai na biro biyu ba. A dajinsu shaho na cin sa, mujiya na cin sa, manyan macizai na cin sa, kuma yawanci daga sama mutuwa ke zo masa. Kai ma sai ka zo daga sama da yatsu biyar a buɗe. Me kake so ya yi, ya ce maka sannu da zuwa?"

Ya ce in cire safar. In zo ta gefe, in zura hannu ƙarƙashin tsakiyar jikinsa in ɗago shi gaba ɗaya, ban da dogon shawagi da hannu a kansa. Kada in kama wuya, kada in ja wutsiya, kada in matse. In bar shi ya riƙa bi daga wannan tafi zuwa wancan, minti biyar zuwa goma, sannan in mayar. Abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne, in ya sare ni kada in wurgar da shi cikin akwati, don in ya gane sara ke ƙwatar sa, ya samu sana'a ke nan. Na tambaya ko in riƙa yi masa magana a hankali. Ya ce in yi in hakan zai kwantar mini da hankali, amma maciji ba shi da kunne a waje, girgizar ƙasa da ƙamshi ya fi sani, harshen nan da yake zarowa da shi yake shanshanar duniya.

Na bi shawara. Na ɗago shi ta gefe, da hannu tsirara, ya juyo ya kafa mini baki a gindin babban yatsa.

Jama'a, na san ba shi da dafi. Nazifi ya faɗa, Mista Gyang ya faɗa, na karanta a intanet. Amma jinin Bahaushe bai karanta ba. Na yi kalmar shahada, ƙafafuna suka ƙi ɗauka ta, na zame na zauna a ƙasa, Sanata na lilo a yatsana. Na ƙwala wa Ummi kira na fara wasiyya: mai shayi na bi na naira ɗari takwas, Malam Habu tela kuma ni ke bin sa, kada a yarda ya ce ya biya. Maman Ummi ta shigo a guje, ta manta da tsoronta. Ba ta ko dubi yatsan ba, ta kama haɓata ta ce in buɗe baki, ta duba dasashina da tocila, ta ce in tofa yawu a ƙasa. Yawu fari tas. Sannan ta duba wurin saran, ɗan karce ne da ɗigon jini ƙanana. Ta saki hannun ta ce, "Ƙarangiyar bayan gidanmu ta fi wannan aiki. Tashi ka wanke da sabulu, ka ba ni kunya gaban yarinya."

Akwai wani makami da takardar Nazifi ba ta ambata ba. In maciji ya tsorata, yakan saki wani ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiya don mai neman cin sa ya fasa. Sanata ya zaɓi ranar Juma'a, bayan na sa farar shaddata, na ce bari in ɗan yi masa darasin yau kafin in fita. Sai da na sake wanka na sake kaya, na isa masallaci an tayar da salla, na samu wuri a kan kwalta. Duk da turaren da na zazzaga, wanda ke damana yana sallamewa ya duba ƙasan takalminsa, sannan ya dube ni, ya ja buzunsa gaba.

Batun abinci ma sai da ya ja mini magana. Jariran ɓeraye yake ci, waɗanda ko gashi ba su yi ba. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ɗakin girkinmu cike yake da su kyauta. Mista Gyang ya dafe kai. Ɓeran gida na iya cin guba ya kashe macijin, ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda ya tuna mini cewa a 1969 aka fara gane shi, kuma a wani asibitin mishan na nan Jos ma'aikaciyar jinyar da ta fara kamuwa ta rasu. Ya haɗa ni da wani mai kiwon fararen ɓeraye yana sayar wa ɗaliban jami'a masu bincike. Na sayo na wata guda a daskare, na zuba a robar bota, na tura can ƙarshen firiza bayan kifi. Ranar da Maman Ummi ta tashi yin cincin ta buɗe robar, ihun ya kai bakin titin Bauchi. Yanzu robar na gidan Mista Gyang, ina zuwa karɓa ɗaya-ɗaya a leda, keke Napep na cin kuɗin da ya fi na ɓeran.

Sai hunturu ya shigo. Jos na zaune ne wajen mita 1,200 sama da teku, daren Disamba da Janairu sanyi kan sauko kusan digiri 10. Shi kuwa Sanata jikinsa ba ya yin ɗumin kansa, yana bukatar gefe ɗaya na akwatinsa ya kai wajen digiri 28 zuwa 30, in ba haka ba abincin da ya haɗiya ruɓewa zai yi a cikinsa ya amayar. Akwai 'yar tabarmar lantarki da Nazifi ya bari, amma ita ma wuta take jira kamar kowa. Na koma tashi tsakar dare ina dafa ruwa, in ɗura a gora, in naɗe da tawul, in jingina wa akwati. Wani dare na ɗago kai daga bakin risho na ga Maman Ummi tsaye a ƙofa ta harɗe hannu.

"Malam, da na haifi Ummi na yi kwana arba'in ina wankan jego a sanyin garin nan. Ko kofi ɗaya ka taɓa dafa mini?"

Na ce ai ita ba amana ba ce. Ta ce in maimaita. Ban maimaita ba.

A cikin wannan wahalar ne abin ya fara sauyawa, ba tare da na lura da ranar ba. Na daina ɗaukar sa sai kwana biyu bayan ya ci. In na ga idonsa ya yi hazo-hazo shuɗi, launinsa ya dushe, na san saɓa zai yi, ba ya gani sosai, sai in ƙyale shi har ya tuɓe. Sauran ranaku kuwa kullum bayan la'asar. Kaɗa wutsiya ya ragu, sara ya koma barazana, barazanar ma ta bi ruwa. Ya koma bin yatsuna a hankali, yana ɗanɗana agogona da harshe, yana nannaɗe wuyan hannuna ya kwanta. Kada wani ya ce so ne, ni dai ban yarda maciji ya san so ba. Hukunci kawai ya yanke cewa wannan ƙaton ba ya cin macizai, kuma jikinsa da ɗumi. A ganina iyakar abin da ake kira horon maciji ke nan, kuma rabin horon hannuna ne ya same shi, don shi ya daina rawa.

Ɗumin nan shi ya kai ni ga surukina.

Baba ya zo daga Wase ganin likitan ido, yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Ba a gaya mini ranar ba. Ina zaune a zaure, Sanata na shawagi a tafina, sai na ji sallama, sai ga sanda ta shigo, sai ga Baba. Akwati na can ƙarshen ɗaki. Na zabura, Sanata ya ji zaburar, ya shige hannun suwaitata, wuf.

Na durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyali? Ya aiki? Ya sanyi?"

Kowa ya san gaisuwar dattijo ba a yi mata yanke. Muna kan lafiyar mutan gida ya wuce gwiwar hannuna. Muna kan labarin girbi ya isa hammata, ya tsaya nan yana juyi, don a duk jikin ɗan Adam nan ne ya fi masa daɗi. Na amsa wata "lafiya lau" da muryar da ko Ummi ba ta da irinta. Baba ya ce, "Sanyi ne, Malam? Kai, kuna fama a garin nan." Na ce wallahi kuwa. Ya koma kan farashin taki. Ina jin abin na hawa ƙirjina, ya zagaya wuya, ya fito ta wuyan suwaita, ya saki rabin jikinsa yana reto a gabana.

Baba ya karkata kai, ya kawo idon mai sauran gani.

"Kai, wannan carbi da kyau yake. Tsarabar Makka ce?"

Ya miƙo hannu. Carbi ya ɗaga kai ya lashi yatsansa.

Mutumin da sai da aka riƙe shi ya tsallake dokin ƙofa, shi ya fita bai taɓa ƙasa ba. Ya bar mini sanda, da hula, da takalmi ƙafa ɗaya. A teburin mai shayi na bakin layi na same shi yana haki, mai shayi na yi masa firfita da kwali yana rantsuwa bai taɓa ganin tsoho ya sha kwana irin haka ba. Likita ya ce aikin ido sai wata mai zuwa, amma ranar Baba ya ga hanya tar.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Na je da goro da akwatina. Wani dattijo ya tashi ya tuna wa jama'a Disambar 2015, lokacin da zaki ya fita daga kejinsa a gandun namun daji na hanyar Miango gari ya ruɗe, ya ce da haka ake farawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko ɗan tsako ba zai iya kayarwa ba." Na ɗago shi ya kwanta a hannuna lumui. Fada ta yi tsit. Aka yanke cewa in sa wa akwati kwaɗo, in ba Baba haƙuri. Baba ya haƙura, bai tafi da 'yarsa ba, amma ya koma Wase ya ba da labari cewa surukinsa rataya maciji yake yi a wuya yana gaisawa da mutane.

Tun daga ranar na zama Malam Gardi. Da farko ban ƙi ba, don abin na da riba. In na sa hannu a aljihu aji kan yi shiru. Malam Habu tela ya kawo kuɗina har gida, da ban haƙuri. Mata suka fara aiko yara neman saɓa. Wani manomi ya zo daga Toro neman laƙanin shiga gona, na ce masa laƙanin da na sani dogon takalmin roba ne da tocila, da duba ƙarƙashin dami kafin a sa hannu. Ya gyaɗa kai ya tafi, washegari ya dawo da jan zakara, wai ya gane ba a ba da sirri hannu banza.

Ribar ta ƙare wata magariba da samari suka cika ƙofar gidana. "Malam, taimako, igiyar ƙasa a akurkin kajin Hajiya!" Kafin in buɗe baki an ɗebe ni. Gaba yara na shela, baya mata na addu'a, tsakiya ni ina neman hanyar zillewa babu. Aka buɗe mini fili, aka miƙo tocila, kunya ta tura ni har bakin akurki. Na haska.

Baƙi wuluk, kaurinsa ya kusa wuyan hannuna, ga kaza biyu a miƙe. Ya ɗago, ya fasa kai. Kumurci. Wannan ba daga Fulorida ya zo ba, ɗan gida ne, kuma ba sai ya matso ba, ido yake nema ya feso dafi daga nesa. Na ji yayyafi a kumatuna, na ga ɗigo a kan tabarauna. Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro tabarau.

Na juya na bi ta kan jama'a, na ture wani mai sanda, na tsallake turmi, na tsunduma kaina har wuya cikin duron ruwan Hajiya ina wanke fuska, don abin da ake yi ke nan in dafinsa ya kusanci ido, ruwa mai yawa nan take. Hayaniya ta ishi kumurci, ya bi ta wata kafa a katanga ya shige duwatsun bayan gida. Da na ɗago kai ina tari, sai na ji kabbara. Wai na yi masa magana da ido ya bi umarni, tsunduma kai a ruwa kuma cikon aikin ne. Hajiya ta aiko mini da ƙwai goma.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar wa na kusa da shi: ni ba gardi ba ne, maciji ɗaya na sani a duniya, shi ma ba shi da dafi. Wanda ya ga kumurci ko kububuwa ko kasa a gidansa ya janye yara, ya ba ta hanya, kada ya aiko mini. Wanda aka sara kuma, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wurin mai baƙin dutse. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi irin EchiTAb, wadda da dafin kububuwar ƙasar nan aka haɗa ta. Na ƙasan Filato sun san Zamko, na Gombe sun san Kaltungo. Masu neman saɓa kuma su ga Maman Ummi. Ta gaya musu ba ta maganin komai sun ce ba ruwanta, yanzu ita ke riƙe da littafin layi, kuma ba ta ba da bashi.